Littafin 'Yan Marakana

Ranar Laraba da hantsi Inna Kubra ta shigo ɗaki ɗauke da ƙwaryar goro, ta dire ta a gaban 'yarta Raliya, ba ta ko zauna ba.

"Ke 'yar nan, ashe kin tsayar da miji, shi ne sai a bakin baƙi zan ji?"

Raliya ta saki zanen da take ninkewa. Da ta ga goron sai wani daɗi ya tsarga mata, don ta zaci dangin saurayinta Abdulra'uf ne suka kasa jiran Juma'ar da mahaifinta, Malam Sayyadi, ya sa musu. Amma da ta dubi fuskar Inna sai murnar ta koma ciki.

Ba daga Treichville, unguwar su Abdulra'uf, goron ya fito ba. Ƙannen Alhaji Tanko aminin Malam ne suka kawo shi, yanzun nan suka bar zauren Malam. Sun zo nema wa ɗansu Badaruddeen aure, kuma sun ce ba da ka suka zo ba, yarinya ce da kanta ta ba shi fuska. Ranar Litinin bayan azahar ta yi masa bip.

Duk wanda ya zauna Abidjan ya san bip. Ka kira mutum, wayarsa ta yi ƙara sau ɗaya, ka katse. In leburan kasuwa ya yi wa maigidansa, ma'anarsa ba ni da inite, wato kuɗin kira a waya, kira ni. Amma in budurwa ta yi wa saurayin da ya shekara biyu yana bin ta tana sunkuyar masa da kai, to babu mai neman fassara. Ta amsa ke nan.

"Kin yi ko ba ki yi ba?"

"Na yi, Inna."

Inna ta nemi bakin gado ta zauna.

"Amma ba shi kaɗai na yi wa ba," in ji Raliya. Ta durƙusa ta jawo akwatin kayanta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwa, ta fito da wani littafi mai baƙin bango.

Wata takwas ke nan da littafin ya shigo hannunta.

Raliya tana da ɗan tebur a ƙofar gidansu a Bromakoté da ke cikin unguwar Adjamé, ƙarƙashin laima, inda take sayar da inite na waya. Bokonta bai wuce firamare ba, amma rubutunta kamar an jera shinkafa. Magana ce dai ba ta iya ba. Shekararta ashirin da uku, in namiji ya tsaya gaban teburin lambarsa kawai take karɓa, idonta na kan takarda har ya tafi.

Shi kuwa Abdulra'uf a Treichville yake, can ƙetaren ruwa, yana yi wa wani kamfanin fiton kaya zirga-zirgar takardu a tashar jiragen ruwa. Sau biyu Malam yana korar maganarsa. Uban yaron mai sayar da garba ne, abincin rogo da kifi na bakin titi, ya rasu bai bar komai ba, uwarsa 'yar ƙabilar Jula ce, Hausarsa rabi Faransanci, ga shi ƙato da gemu yana tsere da ƙwallo cikin gajeren wando. Sai da Abdulra'uf ya yi wata shida yana ƙetare gada duk Asabar yana zama a sahun ɗaliban Malam, kana tsohon ya ce to, manyansa su zo.

Ƙwallon da Malam ke faɗa ita ce marakana, wadda ake bugawa a unguwa mutum shida-shida, raga 'yar ƙarama, babu mai tsaron gida. Abin da ke ƙona wa Abdulra'uf rai shi ne samarin Hausawan Adjamé ba su san na Treichville ba. Sau nawa ake taruwa mutum goma sha ɗaya, a rasa cikon ɗaya, a watse, alhali a bayan layin akwai wani baƙo da ya sauka daga Maraɗi ko Katsina, yana kwance a ɗaki yana marmarin inda zai taɓa ƙwallo.

Shi ne ya sayo littafin, ya ja layuka da rula: suna, unguwa, lambar waya, gefen da mutum yake bugawa, ranar da yake da sarari. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono, kuma kusan duk samarin sai sun bi ta teburin Raliya sa inite. Haka aikin ya dawo wurinta. Ya sa mata suna Sakatariya, ita kuma da kunyar faɗin sunansa take ce masa Kyaftin.

Da mutum tara suka fara. Yanzu ɗari da arba'in da uku ne. In wata ƙungiya ta rasa mutum, saƙo ɗaya za a turo mata, ta buɗe littafi ta nemo wanda ke kusa kuma yake da sarari ranar, ta haɗa su. Akwai waɗanda suka sami ɗakin haya ta wannan hanya, akwai wanda ya gamu da ɗan garinsu bayan shekara tara. Raliya ba ta taɓa zuwa kallon wasa ba, amma ta san wanda ke buga ƙafar hagu a unguwar Liberté da wanda gwiwarsa ke ciwo a Treichville.

Manya dai ba su san da littafin ba. Kuma akwai dalili. Talatin da ɗaya daga cikin sunayen ma'aikatan Alhaji Tanko ne, masu sauke kaya a rumbunansa. Bara wani daga cikinsu ya karye a fili, Alhaji ya sallame shi tare da wanda ya kai shi asibiti, ya kuma rantse duk wanda ya sake ji yana buga marakana ya nemi wani ubangidan. Kowannensu da ya zo ba da suna sai ya rage murya ya ce tsakaninsa da ita sai Allah. Ita kuma ta ce ta ɗauka.

Sai ga shi ƙarshen Janairu an ƙara wa kowace lambar waya a ƙasar lambobi biyu a gaba, daga takwas ta koma goma, kowane layi da nasa ƙarin. Raliya ta wuni ranar Lahadi tana gyara littafin da jan biro. Da ta gama sai tsoro ya kama ta. In ta sa wa wani ƙarin da ba nasa ba fa? Ya ɓace ke nan, ba wanda zai sake samunsa. Ba ta tambayi kowa ba. Ranar Litinin ta zauna a teburinta ta bi su ɗaya bayan ɗaya: ta kira, in ta ji ta shiga ta katse, ta ɗiga alama. Waɗanda suka kira ta, ta ce musu gwaji ne, Sakatariya ce, suka yi dariya suka ce Allah ya yi albarka.

Badaruddeen ne na tamanin da takwas. Wata uku da suka wuce ya tsayar da motarsa gaban teburin, ya ce ya ji labarin littafi a bakin samari, shi ma ɗan wasa ne, a rubuta shi. Ko makaho ya shafa tumbinsa ya san bai taɓa gudun minti biyar ba. Amma Kyaftin ya ce kada a kori kowa, sai ta karɓi lambar a guntun takarda, ta shigar bayan ya tafi.

Shi bai kira ta ba. Wurin babansa ya tafi.

Inna ta saurari wannan duka hannunta a ƙirji.

"Ɗari da nawa kika ce?"

"Da arba'in da uku."

"Maza?"

Raliya ta gyaɗa kai.

Inna ta sauke hannunta daga ƙirji. Da ta buɗe baki kuwa ba faɗa ta yi ba, lallashi ta shiga yi, kuma shi ya fi zafi. Ta ce Malam bai ba da amsa ba, ya ce sai ya tambayi yarinya, Alhaji da kansa zai zo gobe Alhamis bayan la'asar ya ji. Ta tuna mata Alhaji ne ya yi wa makarantar Malam rufin kwano, abotarsu ta girmi auren Inna. Ta ce Badaruddeen ba ya sha, ba ya duka, yana da abin hannunsa, mata nawa ne a Adjamé ke roƙon Allah irinsa.

"In kika ce mutum ɗaya kika kira, an yi biki an tashi lafiya. In kika ce ɗari da arba'in, da wane ido ubanki zai shiga masallaci? Ki yi shiru, 'yar nan. So ana koyonsa a ɗaki."

Raliya ta kifa kai a gwiwar mahaifiyarta ta yi kuka har zanen Inna ya jiƙe. Daga ƙarshe ta roƙa a bar ta ta je Treichville ta dawo kafin magariba. Inna ta kau da kai ta ce ita ba ta ji ba, amma in Malam ya tambaya, ta aike ta gidan gwaggonta.

A Liberté ta hau bas. Tana tsaye an matse ta ta ko'ina, littafin na ƙirjinta cikin hijabi. Da suka hau gada ta dubi ruwa, ta tuna duk Asabar ta nan yake bi saboda ita, sai hawaye suka sake zubowa. Wata tsohuwa mai kwandon kifi ta dube ta ta ce mata yako, kalmar da ake yi wa mai baƙin ciki jaje da ita a garin.

Filin yana bayan wata makaranta, siminti ne duk ya tsattsage. Yau ne ta fara ganinsa da idonta. Ta tsaya nesa jikin katanga, amma wani dogo mai tsohuwar riga ja ya hango ta ya taho yana haki. Ɗan'azumi ne, na goma sha bakwai a littafi, mai buga baya, sararinsa Laraba da Lahadi. Yana cikin mutanen Alhaji. Ya gaishe ta har da rusunawa, ya ce matarsa ta haihu a gida makon jiya, namiji, da mace ce da Sakatariya zai sa mata. Ya koma fili yana dariya.

Abdulra'uf ya fito daga wasa yana share gumi da gefen riga. Murnar ganinta ba ta kai minti ɗaya a fuskarsa ba.

Da ta gaya masa, da farko dariya ya yi, ya zaci wasa take. Da ya ga idonta sai ya daina.

"Tun yaushe yake cikin littafin?"

"Wata uku."

"Wata uku, Raliya. Ba ki gaya mini ba."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta.

"Kai ka ce kada a kori kowa."

"'Yan wasa na ce. Wannan ɗan wasa ne? Lambarsa yake so ta zauna a hannunki, ke kuma kika ajiye masa ita."

"Yanzu kai ma abin da za ka ce ke nan? Na baro gida kowa na ce mini na ba shi fuska, na ƙetare ruwa don in ji daga bakinka?"

Ta juya za ta tafi. Ya sha gabanta, ya haɗa hannuwa biyu, ya yi ta ba ta haƙuri da Hausa da Faransanci a cakuɗe. Ya ce kishi ne ya rufe masa ido, shi ya ɗora mata wannan kaya, laifin nasa ne tun daga farko. Suka zauna a kan wani guntun bulo, tazara a tsakaninsu, ita tana kuka shi yana kallon ƙasa.

Ya ce gobe zai zo da kansa ya yi wa Malam bayani. Ta ce Malam ya riga ya faɗa, kada ya taka zauren sai bayan manyansa, in ya zo ya ƙara ɓata lamarin. Ya ce to ta sayi sabon littafi, ta kwafe sunayen ta tsallake talatin da ɗayan. Ta girgiza kai.

"Wata takwas ina ɓoye wa Baba abu. Yanzu kuma in zauna in rubuta masa ƙarya da hannuna, in miƙa masa?"

Ya ce to su tara mutanen su gaya musu. Ta ce ta san su, kunya za ta sa su ce a buɗe, bayan nan kowa ya koma ɗaki ya rasa abin da zai aika gida.

A fili Ɗan'azumi ya tare wata ƙwallo da ƙirji, aka yi masa tafi. Abdulra'uf ya bi shi da ido.

"Littafin nawa ne," ya ce a hankali, "amma rantsuwar taki ce, ba ni da ikon kwance ta. In ni kika tambaya, ke nake so. Shekara uku, Sakatariya. Ban iya ce miki ki buɗe ba, ban iya ce miki ki rufe ba."

"To ni ya zan yi?"

"Ki faɗi gaskiya. Malam mutum ne mai tsoron Allah, in ya ji gaskiya zai gane ta ko ba takarda."

Ya faɗa ne da yaƙini, don shi Malam na ranar Asabar ya sani, mai murmushi in ɗalibi ya gyara kuskure. Raliya ta san Malam na cikin gida. Ya raka ta har tashar bas, ya tsaya yana ɗaga mata hannu har suka sha kwana.

Washegari da safe ta fito da teburinta kamar kullum, don zaman ɗaki ya gagare ta. Ba ta daɗe ba motar Badaruddeen ta tsaya. Ya fito cikin farar shadda, ƙamshinsa ya riga shi isowa. Ya jawo bencin masu jira ya zauna ba a ce masa bismilla ba.

"Amarya ba ta gaisuwa?"

Ta gaishe shi idonta a ƙasa. Sannan ta tattaro duk ƙarfin da take da shi ta ce masa kuskure aka yi, gwajin lamba ne, don Allah ya je ya gaya wa Alhaji kafin la'asar.

Ya yi murmushi.

"Na sani, ƙanwata. Ina tsaye a rumbu ranar. Tawa ta yi ƙara, kafin in fito da ita na ji ta wani a bayan buhuna, can kuma ta wani. Ban dai ga fuskokinsu ba."

Raliya ta ɗago ta dube shi, karo na farko a shekara biyu.

"Ka sani, kuma ka aiko da goro?"

"Shekara biyu ina sallama a ƙofa ba a amsa ba. Rannan na ga ta buɗe. In tsaya tambayar iska ce ta buɗe ta ko mutum?" Ya karkaɗe hularsa ya mayar. "Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Ki faɗi taki. Na dai gaya wa Alhaji mai yiwuwa a kawo zancen wani littafi, ya ce shi ma yana son ya gan shi. Ya daɗe yana neman sanin masu ciwon baya ranar Laraba."

Ya tashi. Har ya buɗe mota ya juyo, fuskarsa babu wasa a wannan karon, ya ce shi fa da gaske yake sonta, ba zai taɓa bari ta zauna cikin rana tana sayar da inite ba. Wannan maganar ta fi sauran tsorata ta.

Bayan la'asar aka aiko kiranta.

Zauren Malam a share yake, an jingine alluna a bango, an sallami ɗalibai. Malam Sayyadi na zaune a kan buzunsa, Alhaji Tanko na gefe a kan darduma, ƙwaryar goron a tsakaninsu. Inna ta tsaya bayan labule. Raliya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su. Littafin na kan cinyarta, hijabi ya rufe shi.

Malam bai yi dogon zance ba. Ya ce an ce ta kira ɗan Alhaji ranar Litinin, haka ne? Ta ce haka ne. Ya ce to ta san abin da hakan ke nufi a garin nan, kuma ta san ya riga ya ba wasu mutane ranar gobe. Shi bai haifi 'yar da za ta riƙe maza biyu ba. Ta faɗa masa wanda take so a gaban amininsa, a wuce wurin.

Ta ji motsin Inna a bayan labule.

"Baba, ba shi kaɗai na kira ba. Mutum ɗari da arba'in da uku na kira ranar."

Carbin Malam ya tsaya.

Ta ba da labarin duka, kanta a ƙasa, tana yi tana haɗiye kuka: filin da ake watsewa don rashin mutum ɗaya, layukan da aka ja da rula, lambobi biyun da aka ƙara, tsoron da ya sa ta gwaji. Ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban mahaifinta ba. Da ta gama ana jiyo hayaniyar masu gbaka, ƙananan motocin haya, daga titi suna kiran fasinja.

"Wata takwas," in ji Malam. "A ƙofar gidana."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce yaran zamani sai addu'a, amma magana irin wannan ba a karɓarta da baki, tunda an ce akwai littafi a kawo littafi. Ya ƙara da cewa ya ji ƙishin-ƙishin har da yaran rumbunsa a ciki.

Malam ya dubi 'yarsa. Da ya yi magana muryarsa ta sauko, kamar lokacin da take ƙarama yana biya mata allo.

"Raliya, kawo shi. In na ga yadda kika faɗa, sunan yaron nan a tsakiyar sauran, to wauta ce ba cin amana ba. Ni zan ba Alhaji haƙuri da bakina, mutanen Treichville su zo gobe kamar yadda na yi alkawari. Kawo."

Ga shi nan a kan cinyarta. Miƙa hannu ne kawai. Ta ji gefen bangon yana taɓa yatsunta, ta ji gobe tana matsowa kusa har kamar ta kama ta. Ta tuna yadda kowannensu yake waigawa hagu da dama kafin ya faɗi sunansa.

"Baba, in kai kaɗai ne zan nuna maka."

"Abin da ba za a buɗe gaban Alhaji ba, ba na son ganinsa. Shekara arba'in ban rufe masa komai ba."

"Na yi musu rantsuwa, Baba. Kai ka koya mini abin da ke kan wanda aka ba amana."

"Ni kike wa karatu?"

"A'a, Baba. Ka yafe mini. Ba zan iya ba."

Daga bayan labule Inna ta kira sunanta a hankali, sunan da ba ta taɓa faɗa ba don 'yar fari ce. Raliya ta runtse ido, ta ƙara danne littafin da hannu biyu.

Alhaji Tanko ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya ce kada Malam ya sa wa ransa damuwa, su sun ji sun gani kuma suna so a haka, aure ke gyara irin wannan. Goro ya zauna inda yake, ba gaggawa suke ba. Malam ya raka shi har ƙofa yana ta godiya, kansa a sunkuye. Raliya ba ta taɓa ganin mahaifinta ya yi wa wani ɗan Adam irin wannan sunkuyon ba, kuma ta san ita ta jawo masa.

Da ya dawo bai koma kan buzu ba. Ya tsaya a kanta.

Ya ce shi bai taɓa yi wa kowa auren dole ba, ba zai fara a kanta ba, in ba ta son ɗan Alhaji ta zauna har ranar da Allah ya kawo wani. Amma mutumin da ya ɗauki 'yar mutane ya mayar da ita matattarar lambobin maza, ya koya mata ɓoye wa ubanta abu, yana zuwa duk Asabar yana zama a gabansa da wannan a cikinsa, ba zai ba shi ko tsintsiyar gidan nan ba.

"Ba shi ya ce in ɓoye ba, Baba. Ni ce..."

"Ina wayarki?"

Ta fito da ita.

"Kira shi. Ki gaya masa da bakinki, ina ji. Ba na son dattawa su ƙetare gada gobe su zo su tarar da ƙofa a rufe."

Inna ta shigo ta durƙusa, ta roƙe shi ya bari zuwa safe, ran kowa ya huce. Ko kallonta bai yi ba.

Raliya ta danna lambar. Sau ɗaya ta yi ƙara ya ɗauka. Akwai hayaniya a bayansa, da dariyar mata, da ƙarar tukwane.

"Sakatariya, ya aka yi? An gama lafiya ko? Na gaya miki. Kin ga Kawu ya iso daga Bouaké yanzun nan, ko wanka bai yi ba, ya ce sai ya ji muryar surukarsa. Ga shi nan, bari in ba shi."

"Kada ka ba shi."

Hayaniyar ta ja baya, kamar ya fita waje.

"Raliya? Me ya faru?"

Ta ɗaga ido ta dubi mahaifinta ko za ta ga wata 'yar kafa a fuskarsa. Malam na kallon bango.

"Ka yi wa Kawu sannu da hanya," ta ce. "Ka ce masa ya yi haƙuri da wahalar da ya sha. Gobe kada ku zo."

Tana jin numfashinsa, tana jin wata mata daga nesa tana tambayarsa ko buhun shinkafa ɗaya zai isa.

"Sai yaushe?" ya ce.

Kafin ta sami abin faɗa, Malam ya miƙo hannu ya karɓi wayar.